Ranar Da Surukata Ta Sauko Ta Taga

Mutumin da ya gina gidanmu siriri ne, kuma da kafaɗarsa ya auna komai. Ni dai iya tarihin da na sani ke nan, bayan shekara ashirin da wani abu ina goga ƙugu a bangon matakalarsa. In kuna son ƙari ku tambayi ɗaliban da ke zuwa su tsaya a tsallaken titi da fensir suna zana mu, ko da kuwa na shanya zannuwa a baranda.

Kakan marigayi surukina ne, ɗan kasuwar yadi. An ce ya zo layin a makare, ya tarar manya sun gama rabe filaye, ba abin da ya rage sai wani lungu tsakanin gidaje biyu inda masu wucewa ke ratsewa su rage mara. Ya sayi lungun. Da ya ga ba faɗi sai ya nufi sama, ya yi shago a ƙasa, ya ɗora hawa uku a kansa, duk da jan bulo. Kowane hawa ɗaki ɗaya ne dogo kamar taragon jirgi, tagogi a gaba suna kallon titi, matakala can a ƙuryar baya. Fuskar gidan kuwa ya zuba mata ado kamar ba gobe: tagogi masu lanƙwasasshen kai da gilashi kala-kala, furannin dutse a goshin kowace, da wata barandar ƙarfe wadda kaza ma sai ta yi shawara kafin ta juya a cikinta. A can ƙoli wani gungumen katako ya leƙo titi da wilin ƙarfe a bakinsa. Da shi ake jan dilolin yadi zuwa hawa na uku a zamanin da, saboda can ne sito, nesa da laima da ɓarayi.

Matakalar ce ake zuwa gani daga nesa, ita ce kuma ta cinye min gwiwa. Ta katako ce, a murɗe take hawa, kuma a kowace kwana sai mutum ya karkace ya tsotse ciki. Ofishin kula da tsofaffin gine-gine ya kafa mana allon tagulla a bakin ƙofa, da sharaɗin kada a taɓa fuskar gidan, kada a buga ko ƙusa a matakala. Ma'aikacinsu, wanda muke kira Mai Awo saboda tef ɗin da ba ya rabuwa da aljihunsa, in ya zo shafa katakon dafawa yake yi kamar mai lallashin jariri. Ni kuma ina bayansa da tiren abinci, ina jira ya gama soyayyarsa in wuce.

Tiren na Inna ne, surukata, wadda a bayan idonta muke kira Ta-Sama. Tun rasuwar mijinta ta koma tsohon siton, ta ce can ya fi iska. Daga baya gwiwoyi suka ƙi, jiki kuma ya yi albarka, har aka wayi gari ta kusa shekara bakwai ba ta taka ƙasa ba. Daga kan gadonta take mulkin gidan da baki. Kullum na kai mata shayi sai ta tsare ni da ido.

"Amarya, an goge kantar shago?" Har yau Amarya take kirana, ga ɗana yana aske gemu.

"An goge, Inna."

"Silin falo fa, an kaɗe masa yana? Ƙofar ɗakinku an shafa mata mai?"

"Duk an yi, Inna."

Gaskiyar magana kuwa, shagon yadi ya mutu tun shekarar da ta daina sauka. Yaya Babba, wan mijina, ya ba wani mai aski haya. Da Inna ta tambayi ƙarar da take ji tana zuuu daga ƙasa, aka ce mata fanka ce aka saya wa shago. Babban falo na hawa na ɗaya, inda silinsa ke da furannin da aka sassaƙa da hannu, matar Yaya ta mai da shi wurin ɗinki, ta rufe furannin da silin roba wai ƙura na zubo mata a kan kayan mutane. Dogon agogon falon mai ƙararrawa ya tsaya, mai gyara ya kwashe kayan cikinsa ya tafi da su, har yau muna jiran dawowarsa. Mijina, wanda Inna ke kira Ƙarami, ya ce in ta daina jin bugun agogon ubansa hawan jini zai kama ta, sai ya samo sautin ƙararrawa a tsohuwar waya ya haɗa da 'yar sifika. Inna ta ce muryar agogon ta dishe, amma tsufa ne, kowa ma haka yake.

Hawa na biyu namu ne, kuma ni ma ban zauna haka nan ba. Za ku ji nawa a gaba.

Ana nan sai ciwon ciki ya taso mata. Likitar da muka kira ta hau, ta zauna a bakin gado ta gama haki kafin ta iya gaisuwa. Ta duba, ta ce akwai ƙari, aiki za a yi, kuma a asibiti, ba a sito ba.

"Ba inda za ni," in ji Inna.

"Haba Inna," in ji Yaya Babba, "kwana kaɗan ne ki dawo."

"In dawo ina? Wa zai mai da ni sama? Ni na haife ka, Babba. Da zarar ƙafata ta taɓa titi za ka kai ni ɗakin bayan gidanka na sabuwar unguwa, in zauna ina kallon tankin ruwa har in mutu. A gidan nan aka kawo ni ina yarinya. A nan nake so a rufe min ido."

Abin haushin shi ne ta canka daidai. Da kunnena na ji Yaya yana gaya wa mijina cewa daga asibiti sai gidansa, har ya samu wani mai hoto da ke son ɗakin saman saboda haske. Ni da ya kamata in yi murna, tunda ni ce jakar da ke hawa da tire, sai na kasa. Tsohuwar nan tana da baki, amma ban taɓa jin ta roƙi kowa komai ba sai ranar.

Yaya ya yi ta jera mata insha Allahu. Inna ta san irin insha Allahun ɗanta, amma ciwo ya fi ta ƙarfi. A ƙarshe ta yarda, bisa sharaɗi ɗaya: a kan hanyar sauka za a tsaya da ita a kowane hawa ta ga gidanta.

Muka kalli juna. Muka lallaɓa muka sauko.

An ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu haka muka yi. Yaya ne ya tsara aikin, kuma in faɗi gaskiya ya yi amfani da kai. Ya ɗauko kujera ya zauna a bakin matakala a kowane hawa, ya rufe ido ɗaya, ya ce, "Daga nan Inna za ta leƙa. Abin da ido ya kai a gyara, abin da bai kai ba a bar shi." Tunda ɗakunan dogaye ne kuma matakala na baya, sai muka gyara rabin baya tsaf, muka tura duk wani abin kunya zuwa gaba, jikin tagogi. Don kada a hango tarkacen, muka ciro labulayen tagogin muka rataya su a tsakiyar kowane ɗaki. A falo aka ɓalle silin roba na rabin baya, furanni suka fito. Aka tsayar da agogo a tsakiya yana fuskantar matakala, labule dama, labule hagu. A ƙasa aka aro bandiran yadi a wurin maƙwabci aka rufe madubin Mai Aski da su, aka ce ya rufe shago da safen ranar, ya kuma ciro allon sunansa. Da muka gama, Yaya ya sake zama a kujerarsa ya duba, ya ce ko marigayi ne ya dawo ba zai gane ba.

Ranar tafiya aka kira masu dakon kaya, majiya ƙarfi. Suka ɗora Inna a kujerar katako mai hannu, biyu a gaba biyu a baya, sandarta a cinya. Suka shiga matakala da bismillah. A kwanar farko kujera ta ci bango, kafaɗar Inna ta ci katakon dafawa, aka tsaya cak. Ba gaba ba baya.

"Mama, ɗan tsotse ciki," in ji na gaba.

"Cikin da za a yanka zan tsotse? Kai tsotse naka!"

Aka gwada ta gefe. Aka gwada ba kujera, a goye. Aka gwada a kwance a cikin bargo, Inna ta ce ba ta mutu ba tukuna. Matakalar da ta hau da ƙafarta shekarun baya ta ƙi mai da ita. Da ƙyar aka janye ta aka koma da ita ɗaki, kowa na zufa, rana ta take.

Yaya ya buga wa Mai Awo waya, ya ce a ba shi izinin cire katakon dafawa na awa ɗaya. Kafin ya mai da wayar aljihu mutumin ya iso a kan babur, ya hau da gudu ya rungume katakon.

"Ranka ya daɗe, sai dai ku fara yanka ni. Tun daga sama har ƙasa ba ƙusa ko ɗaya a jikinsa, saƙa shi aka yi. In ya fita, wanda zai iya mai da shi ya mutu tun kafin a haife mu."

"Malam, uwata ce a ciki! Uwata ko katako?"

Mai Awo ya ƙara ƙanƙame katakon. Daga cikin ɗaki Inna ta amsa wa Yaya.

"Wanda ya taɓa matakalar nan ban yafe ba. Babba, zo nan. Gadon nan da nake kai, ta ina ya shigo? Ta matakala?"

Ta nuna doguwar tagar gaba da sanda, wadda a gaskiya ƙofa ce da ke buɗewa cikin iska, ta inda diloli ke shigowa a da. Ta ce duk abin da ke ɗakin nan ta can ya hau, har da gadon aurenta, mutanen layi suna tafi. Abin da ya ɗaga dila zai sauke tsohuwa.

Mai Awo ya manta da kukansa nan take. Ya hau ya ƙwanƙwasa gungumen, ya auna shi, ya ce lafiyarsa ƙalau, zai ɗauki saniya. Inna ta harare shi, ya ce misali ne. Aka sayo sabuwar igiya mai kauri, aka zuba wa wili mai, aka ɗaure kujera ta kusurwa huɗu. Masu dako suka sauka titi suka kama bakin igiya, maƙwabta suka taya su. Kafin ka ce kwabo layin ya cika, har da masu leƙowa daga tagogin tsallake.

"A fara gwadawa da wanda ya fi kowa nauyi," in ji Inna. "Babba, bismillah."

Ina tsaye a titi lokacin da aka turo Yaya cikin iska, ido a runtse, baki na motsi. Bai buɗe ido ba sai da ya zo daidai tagarmu. Na ga ya leƙa ciki, ya ƙame. Da ya iso tagar falo sai ya fara ihu yana wutsil-wutsil da ƙafa.

"Labule! Ku mai da labule!"

Mutane suka ce tsoro ne ya taɓa masa kai. Ni kuwa na ɗaga ido na kalli gidan, nan take na gane. Tagoginmu tsirara suke, ba ko ƙyalle. Duk abin da muka kwashe kwanaki muna ɓoye wa matakala, ga shi mun jera wa taga kamar masu baje koli.

Ni da matar Yaya muka ruga ciki a tare. Matakalar mutum ɗaya take ɗauka, mu kuma mu biyu ne, kuma ba siririya a cikinmu. Muka maƙale a kwanar farko, tana ce min in ja baya, ina ce mata ita ta ja. Kafin mu warware an mai da kujera sama, mijina da ba ya ganin abin da ke ƙasa ya ɗaure uwarsa tsaf da zani. Ina shiga ɗakinmu, ina kai hannu kan tarkacen farko, sai haske ya ragu a taga. Na ɗago. Ga Inna a waje tana lilo a hankali, fuskarta daidai tawa.

"Ku tsaya!" ta daka wa masu igiya tsawa. Ta maƙala kan sandarta a ƙarfen baranda ta jawo kanta kusa. "Amarya."

"Na'am, Inna."

"Wannan da dutsen guga ke kai, mene ne?"

"Tebur ne, Inna."

"Tebur mai kafar makulli?"

Ƙofar ɗakinmu ce, mai sassaƙar ganye da tsuntsaye, wadda kullum nake ce mata na shafa wa mai. Na cire ta ne saboda in an buɗe ta tana cinye rabin ɗaki, na ɗora ta a kan durom biyu. Kuma ko yanzu zan faɗa, ban taɓa samun teburin guga mai kyanta ba. Sai dai akwai shaidar ƙuna uku a kan tsuntsayen, kuma Inna ta gan su.

Ba ta gama da ni ba. Ta ɗaga kai ta kalli gilashin kala-kala na saman tagar, ta ƙura masa ido, ta kai sanda ta ɗan taɓa ja. Sandar ta wuce ciki salin-alin. Leda ce. Yarana sun fasa gilashin da ƙwallo tun suna firamare, na sayo ledar kala na manna, kuma daga titi ba mai ganewa. Daga ƙasa na ji Mai Awo ya saki salati. Shekara da shekaru yana kawo ɗalibai yana nuna musu yadda hasken yamma ke ratsa gilashin da.

"Zan dawo kanki," in ji Inna. "A sassauta!"

Na bi ta ta matakala, ina isa falo tana isowa. A nan mutum-mutumin tallan kaya guda biyar, marasa kai, suka tarbe ta a jikin taga, ɗaya sanye da rigar da ba a gama ba. Bayansu kekunan ɗinki a kan juna, buhunan ƙyalle, da rabin silin roba yana reto. Matar Yaya ta tsuguna a bayan wani buhu, amma ɗankwalinta ya leƙo.

"Su wane ne waɗannan a falon mijina ba kai?"

"Baƙi ne, Inna," in ji ɗankwalin. Tsoro ba abin da ba ya sa mutum ya faɗa.

Jama'ar titi suka kwashe da dariya. Wata tsohuwa daga tagar tsallake ta ce, "Ai mun daɗe muna gani, mun ɗauka da izininki ne!"

Sai agogo ya buga. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Fuskarsa na kallon matakala kamar yadda Yaya ya tsara, bayansa kuma na kallon Inna, a buɗe, fayau, ba komai ciki sai tsohuwar waya a rataye da 'yar sifika, da wata farar igiya da ta bi bango zuwa soket. Inna ta saurara har ya gama. Sannan ta ɗaga kai sama, inda mijina ya leƙo yana riƙe da bakin ƙofar dila.

"Ƙarami!"

"Na'am, Inna."

"Yaushe agogon ubanka ya fara shan caji?"

Kan mijina ya koma ciki a hankali. Masu igiya dariya ta ci ƙarfinsu har kujera ta ɗan zame, aka yi ihu, aka riƙe. Inna ko gezau. Tana zaune a tsakanin sama da ƙasa tana zazzaga faɗa, tana kiran sunan kowa da laifinsa, mutane na amsa mata da "Gaskiya ne, Mama!" Ban taɓa ganin ta da ƙarfi haka ba tun da ciwon ya fara.

Saura ƙasa. Shi Mai Aski an ce masa ya rufe da safe ne kawai. Da ya ga rana ta yi, ya kuma ji an ce tsohuwa ba ta cikin shago za ta bi ba, sai ya buɗe abinsa, ya mai da allonsa, tunda ga jama'a sun taru kyauta. Ƙafafun kujerar Inna suka taɓa titi daidai bakin ƙofarsa. A ciki wani mutum na zaune, rabin kai a aske, an yafa masa yadin maƙwabci a wuya. Injin aski na zuuu a hannun Mai Aski.

Kowa ya jira tsawa. Ba ta zo ba.

"Ku matsa da ni ciki," ta ce a hankali.

Aka ɗaga kujerar aka shigar da ita. Mai Aski ya kashe inji. Doguwar kantar katakon tana nan a jikin bango, an jera mata kwalaben mai da burushi. Inna ta ture su gefe, ta ɗora tafin hannu a kai, ta bi gefen kantar da yatsa. Akwai ƙusoshin tagulla da aka kafa a jere tun zamanin mai gidan na farko, da su ake auna yadi ba sai an ɗauko sanda ba. Ta taɓa na farko, ta taɓa na biyu, ta miƙa hannu neman na gaba, sai yatsanta ya faɗa iska. An yanke ƙarshen kantar da zarto don a samu wurin ajiye janareta.

"A nan marigayi yake tsayawa," ta ce. Ba da kowa take ba. "In na kawo masa abinci a nan nake ajiyewa."

Dariya ta ɗauke a layin gaba ɗaya. Mai rabin kai ya zare yadin daga wuyansa ya ninke. Ni kunya ce ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba, har na rasa inda zan sa idona.

"Shekara bakwai," in ji Inna, "ina can sama ina gadin gidan da babu shi."

Yaya Babba ya durƙusa a gaban kujerar, a gaban mutane, da girmansa da komai. "Inna, ki yafe mana. Wallahi da hannuna zan ja igiyar nan in mai da ke ɗakinki."

"In koma sama in yi me? Ku ci gaba da kunna min fanka?" Ta buga sanda a ƙasa. "A nan zan zauna. A sauko min da gadona a sa shi bayan kantar nan, inda duk mai shiga da mai fita sai ya bi ta gabana. Kai kuma mai aski, yaro ne kai, kana da gwiwa. Ɗakina na sama yana da iska."

Kowa ya ce to, Inna. Yaya ya ce insha Allahu. Ta kalle shi ta wutsiyar ido, aka sa ta a mota.

Washegari da safe mijina ya kira daga asibiti. An shirya komai, likita ta sa safar hannu, Inna ta riƙe ƙarfen gado ta ce ba mai tura ta ko'ina sai ta ga gadonta a shago. Yaya na tsaye kusa da ni a ƙofar gida lokacin. Ya shafa gemu ya rage murya.

"Ke ta fi yarda da ke. Karɓi wayar ki ce mata an yi. In an gama aiki ma lallaba ta, ta huta a wurina tukuna."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Shekara ashirin ban taɓa ɗaga wa Yaya murya ba, ranar na biya bashin duka.

"Yaya, da girmanka, ni na daina ce mata an yi. Ga igiya can ba a kwance ba. In ba za ka kama ba, matsa min in kama."

Na tsaya a tsakiyar titi na ƙwala kira. Masu dakon jiya suna bakin layi, maƙwabta suka fito, har tsohuwar tsallake ta turo jikokinta. Mai Aski ya fara ƙorafin cewa masu ƙiba cikin kwastomominsa ba za su iya hawa ba. Na ce masu ƙiba su tara gashi. Aka ja kujerarsa da madubinsa sama, aka sauko da gado. Ƙaton gado ne na ƙarfe mai rumfa, ya taho yana juyi a iska, Mai Awo na binsa da kyamara yana roƙon a yi hankali da furannin dutse. Da nauyi ya yi yawa na waiga, sai na ga Yaya a ƙarshen igiya, ya tuɓe babbar riga, yana ja yana haki.

Gadon ya shiga bayan kanta da ƙyar, kamar don wurin aka ƙera shi. Na shimfiɗa zanin gadonta, na ajiye filonta, na kira mijina ta bidiyo. Fuskar Inna ta cika wayar, da hular asibiti a kanta.

"Ga shi, Inna."

"Matso. Juya. Nuna min kantar." Na nuna. "Yanzu fita waje ki nuno min allon tagulla, kada ku je ku sa gado a shagon wani."

Na fita na nuna mata allon, na ɗaga wayar ta ga gidan tun daga ƙofa har gungumen ƙoli, da ledata da ta yage tana kaɗawa.

"Koma ki hau gadon ki zauna. Ki juya wayar in ga abin da zan riƙa gani."

Na hau na zauna, na juya wayar. Daga nan ƙofa ce a buɗe da titi a bayanta. Mai kayan miya ya wuce da baro, yara biyu 'yan makaranta suka leƙo suka gaishe ni, tsohuwar tsallake ta ɗago hannu tana tambaya ko an shiga da Inna ɗakin tiyata. Yaya na zaune a dokin ƙofa yana duba tafin hannunsa da igiya ta saɓule.

Inna ta daɗe tana kallo. Na ji ta ja hanci, ni ma na ja nawa. Sai hoton ya karkace, na ga silin asibiti, ta miƙa wa wani wayar ba tare da ta kashe ba. Muryarta ta fito ƙarara.

"To, ku kira likitar ta zo ta yanka. Ku ce ta yi sauri, ina da gidan da zan koma."